Ba Gawa Kaɗai Ake Ƙirgawa Ba

Da malami ya ambaci "mobiditi" a aji, sai ka ga rabinmu sun rubuta "yawan mace-mace". Kuskure ne, 'yan uwa. Yawan mace-mace shi ne motaliti. Mobiditi kuwa yawan masu ciwo ne a cikin jama'a, wato mutum nawa cikin ɗari ko dubu ke fama da wata cuta. Ana auna shi ta hanya biyu: sababbin kamu a cikin wani lokaci, misali shekara guda, da kuma duk masu ɗauke da cutar a ranar ƙidaya.

Wani zai ce ai wannan zancen jarrabawa ne kawai. To, mu leƙa Kura da Bunkure.

Albarkacin dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa na bin magudanai zuwa gonakin yankin rani da damina. Ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir. Arziki ya samu, babu musu. Amma ruwan da ya kwanta gidan sauro ne, kuma gidan dodon koɗin da ke rainon tsutsar tsargiya. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga dodon koɗi, sannan ta fito ta huda fatar yaro mai wanka ko manomi mai dashe.

Tsargiya ba ta kisa nan take. In gawa kaɗai muke ƙirgawa, sai mu ce lafiya lau. Alhali yaro na fitsarin jini, jininsa na raguwa, yana fashin makaranta, wasu ma na ɗauka alamar balaga ce. In ta daɗe kuma, tana lalata mafitsara da ƙoda. Wannan asarar, lissafin masu ciwo ne kaɗai ke nuna ta.

Maganin yana nan, Praziquantel, har ana raba shi kyauta a makarantu. Amma yawan masu ciwon ne ke nuna inda za a kai shi, da sau nawa.

Shawarata biyu ce. Na ɗaya, mu riƙa cewa "yawan masu ciwo" in muna bayani da Hausa, don mai unguwa ya gane. Na biyu, masu neman abin da za su rubuta furojet a kai, musamman 'yan kimiyyar gwaje-gwaje da 'yan injiniyancin noma, ga aiki nan a bakin magudana. Muna ƙirga buhunan shinkafa ɗaya bayan ɗaya. Wa ke ƙirga masu noma ta da ke kwance?