Ka Ƙyasta Hoton Baba, Ka Sa Remini, Ka Tura Guruf: Wai Ka Adana Ke Nan?

Jama'a, yau darasin namu da faɗa a ciki. Da kai nake, kai da ka zaro hoton auren iyayenka daga akwatin Hajiya, ka ɗora a cinya da daddare, ka kunna fitilar waya ka ƙyasta, ka bi da shi ta Remini, ka jefa guruf ɗin dangi. Aka yi ta zubo maka "Allah sarki" da "Allah ya jiƙan Baba", ka kwanta kana jin ka ceci tarihin gidanku. Malam, ba ka ceci komai ba. Illar ma ita ce daga ranar kowa ya saki jiki da hoton takardar, tunda "ai yana waya". Shekara biyu gara ta cinye na akwati, wayar kuma ta faɗa ruwa ko an ƙwace ta a hanya.

Bari mu yi lissafi, don kada a ce son surutu ne. Hoton takarda mai inci 4 da 6, idan aka sa shi a sikana a kan 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, zai fito da fiksel 2400 sau 3600, sama da miliyan takwas da rabi ke nan. Wanda ka tura ta WhatsApp yadda aka saba turawa, manhajar tana matse shi har dogon gefensa ya dawo wajen fiksel 1600, abin da ya rage bai kai miliyan biyu ba. Kusan kashi huɗu cikin biyar ya tafi tun kafin ya isa wayar Yaya. Shi kuma Yaya ya yi masa sikirinshot ya ɗora a Facebook, Facebook ta sake matsewa, wani ya sauke daga can. Wannan na ƙarshen shi jikoki za su gada. A fuskar waya yana da kyau, na yarda. Je ka ce a wanke maka shi babba don a rataye a falo, za ka ga fuskar Baba ta koma kamar an shafa mata kunu.

Maganar Remini da 'yan uwanta ita ta fi ci mini rai. Waɗannan manhajoji ba sa dawo da abin da ya ɓace daga hoto, domin abin da kyamara ba ta kama ba a 1975 babu inda yake ɓoye. An horar da su ne da ɗimbin fuskokin wasu mutane, to idan suka tarar da dishi-dishi sai su yi hasashe, su cike gurbin da ido da haƙori da fatar da suka ga ta dace. Sakamakon yana ɗaukar ido, amma duba da kyau. Sau da yawa billen da ke kumatun kaka, ko tsagar gado da za ta gaya maka daga wane gida ya fito, manhajar tana ɗaukarsu a matsayin ƙarzuwar takarda ta goge. Aikin wuyan babbar riga ya rikiɗe, zanen hula ya zama wani abu dabam. Tsohuwar da ta zauna da mutumin shekara arba'in za ta kalla ta ce, "Wannan kuma wane ne?" Yaran da ba su taɓa ganinsa ba kuwa za su tashi suna rantsuwa haka kakansu yake. Ka ba su baƙo ka ce kakansu ne.

Na san amsar: "To ai dishi-dishin ba ya kalluwa." Ban hana ka wasa da manhaja ba. Ka yi, amma a kan kwafi, kuma ka rubuta a sunansa cewa an taɓa shi. Na asali ya zauna yadda yake, da tabonsa da jan da ya yi.

Sai masu laminatin. Don Allah ku daina. Zafi da gam ake sa wa hoton a manne shi cikin leda, kuma ba a komawa baya. Ranar da danshi ya shiga ta gefe, in ka ɓare ledar da fuskar mutum za ta taso. Haka hoton da ya manne da gilashin firam: kada ka ja shi da ƙarfi, a ɗauke shi ta cikin gilashin.

Wani zai ce ba shi da kuɗin sikana. Ba sai ka saya ba. Yawancin shagunan kwamfuta da ke buga takardu suna da ita a jikin firinta. Matsalar ita ce yaron shagon ya saba da takardun makaranta, zai yi maka a 200 ko 300 dpi, wataƙila ma ya haɗa maka su a PDF. Tsaya a kansa. Ka ce 600 dpi, mai kala ko da hoton baƙi da fari ne, kowane hoto da fayil ɗinsa. In injin yana ba da TIFF a karɓa, don shi ba ya zubar da komai, in babu a yi JPEG mafi inganci. Ƙananan hotunan fasfo, waɗanda sau tari su kaɗai suka rage na wasu mamatan, a kai su 1200 dpi, domin a 300 ko fiksel 600 ba za su kai ba. A goge gilashin sikanar kafin a fara, a kashe duk wani gyaran kala na kai-tsaye. Ka tafi da filash ɗinka. In ya ce bari ya tura maka ta WhatsApp, ka ce ta Document zai tura, nan ne ba a matsewa. Kuma kada ka bar masa albam ya kwana, hotunan iyayenka mata ne a ciki. A goge su daga kwamfutarsa a gabanka.

Idan dole da waya za ka yi, akwai hanya. PhotoScan ta Google, wadda ta fito a 2016, kyauta ce: tana sa ka bi ɗigo huɗu da kyamara, ta haɗa hotunan ta cire ƙyalli. Ba ta kai sikana ba, amma ta fi ƙyastawar cinya nesa ba kusa ba. Ko ka fita inuwa da rana, ka shimfiɗa hoton a kan tebur, fitila a kashe, waya a miƙe daidai samansa.

Wanda ya tarar da nagatif ko silaid a kayan mahaifinsa kuwa ya tsinci dami a kala. Ɗan fim ɗin nan na milimita 35 ya fi hoton da aka wanke daga shi riƙe bayani, sai dai sikanar takardu ba ta iya shi, yana son mai haskowa ta baya da dpi 2400 zuwa sama. Wannan aikin ƙwararru ne, a nemi tsofaffin masu situdiyo, a biya. Kada a kama shi da yatsa a tsakiya.

Ina za a ajiye? A nan ma akwai sakaci. Google Photos ta daina ajiya kyauta marar iyaka tun 1 ga Yuni 2021, yanzu 15GB ne kuke rabawa da Gmail da Drive. Daga Disamba 2023 kuma Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Wanda ya zuba komai a imel ɗin da yaron shago ya buɗe masa, bai ma san fasuwod ɗin ba, ya ajiye ne a gidan haya. Kwafi uku ake yi: ɗaya a kwamfuta ko filash, ɗaya a intanet, ɗaya a hannun ɗan uwa a wani gari. Ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ba ta tambayi wanne ne albam wanne ne filash ba. Abin da ke ɗaki ɗaya tare yake tafiya.

Abu na ƙarshe da babu manhajar da za ta yi maka: sunaye. Fayil mai suna IMG_0047 bai gaya wa kowa komai ba. Ka zauna da Hajiya ko Gwaggo, ka kunna rikoda, ka nuna mata ɗaya bayan ɗaya ta faɗi wane ne, bikin wa, a wane gari. Sannan ka sa wa fayil suna irin 1978_Auren_Baba_Zariya_01. A juya bayan kowane hoto shi ma a sa a sikana, don a nan ake samun hatimin situdiyo da kwanan wata, wani lokaci har da rubutun hannun mai hoton.