Me ya haɗa mu da bayin Rum? Ga amsa

Akwai malamai da iyaye masu cewa nuna wa ƴan lakwal fim ɗin Spartacus ɓata lokaci ne, wai me ya haɗa ɗan Maraɗi da bayin Rum. Ni ina ganin tsoron tambayoyin yara ne ke sa wasu faɗar haka.

A shekara ta 73 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayi wajen 70 da ake horarwa don su kashe juna gaban ƴan kallo suka tsere daga garin Kapuwa na Italiya, Spartakus na jagorantarsu. Dubban bayi suka bi su, suka yi ta karya rundunonin Rum shekara biyu, kafin attajiri Karasus ya murƙushe su. Ya gicciye mutum 6,000 a bakin hanyar Kapuwa zuwa Rum, don duk bawan da ya gani ya shiga taitayinsa.

Masu suka na cewa fim ɗin, wanda Stanley Kubrick ya shirya a 1960, ya yi ƙari. Gaskiya ne. An nuna an gicciye Spartakus, alhali marubutan da sun ce a fagen daga ya mutu, ba a ma ga gawarsa ba. Wurin da bayi ke miƙewa kowa na cewa shi ne Spartakus don kar a gane shi, shi ma ƙirƙira ne. To, aikin malami ke nan: ya ɗora fim kusa da littafi, yara su tsame ƙarin da kansu.

Kuma wa ya ce bauta labarin nesa ne? Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da ita laifi. A 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnati da laifin kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12. Har yau akwai gidajen da ke fasa ba da aure in an ce kakan yaro bawa ne, ko da shi ne ya fi kowa ilimi a garin.

Yaron da ya tausaya wa Spartakus a aji zai koma gida ya tambayi babansa dalilin da ya sa ake kiran wane ɗan bayi. Ku iyaye, ku tanadi amsa. Mu malamai kuma mu nuna fim ɗin, mu bar lokacin tambaya.