Ƙwaƙwalwa ba ta da ƙabila

Duk shekara in sakamakon BEPC da BAC ya fito, akwai wata magana da ke zagaya fadojin shayi na Maraɗi: wai Bahaushe sai kasuwa, Bafillace sai kiwo, karatun boko kuwa gadon Zabarmawa ne. Da dariya ake faɗinta, amma ba a fada take kwana ba. Akwai uban da zai ji ta, ɗansa ya faɗi jarrabawa sau ɗaya, sai ya ce dama ba gadonmu ba ne, ya fidda yaron daga lekol ya kai shi shago.

Ba mu musun cewa an daɗe ana ganin bambanci. Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, ƴan yammacin ƙasa suka fi yawa cikin ma'aikatan gwamnati. Sai dai abin yana da tarihi. A 1926 Nasara suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, kuma inda gwamna ya zauna can manyan makarantu da aikin biro suka taru. Yaron da ya tashi yana ganin makwabcinsa mushe ko tafinta yana amsar albashi, ba sai an kore shi zuwa aji da bulala ba. Diori Hamani da Bubu Hama duka malaman makaranta ne kafin su shiga siyasa.

A ƙasar Katsina da Gobir kuwa, kakanninmu suna da makarantar allo, suna da gyaɗa, suna da hanyar Kano. Lekol a wurinsu tarkon Nasara ce, har wasu masu sarauta suka riƙa ɓoye ƴaƴansu suna aika na barorinsu. Mutumin da ya ƙi shiga tsere ba a ce masa gurgu. Da aka shiga ɗin, an ga abin da ya fito: Dan Dikko Dankulodo, wanda jami'ar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyya ne, ya yi ministan ilimi, ya kuma shugabanci hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982.

Mu bar tarihi mu dubi gida. A ɗauki yara uku, duka Hausawa: ɗan ma'aikaci a birnin Maraɗi mai lantarki da mai duba masa kaye da dare, ɗan manomin Jiratawa da ake buƙatar hannunsa a fadamar noman rani, da wata yarinya a ƙauyen Tsibiri da ake yi wa zancen aure tun ba ta gama firamare ba. Harshensu ɗaya, jininsu ɗaya, amma kowa ya san wanda zai fi kai wa lise Dan Baskore. Ratar da ke tsakanin waɗannan ukun ta fi wadda ke tsakanin ɗan ma'aikacin da takwaransa na Yamai. Haka ɗan Bafillace ko Buzu na wajen Dakwaro: in damina ta kama iyayensa suka bi dabbobi, aji ba ya bin su.

Saura maganar harshe. Yaron ƙauye, Bahaushe ne ko Bazabarme, in ya shiga CI yana tarar da mushe yana yi masa magana da Faransancin da bai taɓa ji a gidansu ba. Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi gargaɗi kan wannan cikin littafin da ya rubuta a kan ilimi a Afirka tun 1964. An buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Amma doka ba ta buga littafi, ba ta horar da malami. Kuma mu Hausawa mu yi hattara: in aka tilasta wa ɗan rugga fara karatu da Hausa, mun ɗora masa kayan da muka yi kukan Faransanci ya ɗora mana. Fulfulde da Tamajak da Zabarmanci da Barbarci duka suna da haƙƙinsu a ajin farko.

Kiranmu ga hukumomin ilimi na jihar Maraɗi shi ne su riƙa bayyana sakamako makaranta bayan makaranta, tare da yawan malamai da tebura da nisan tafiyar yara, domin a ga inda ciwon yake. Alhazan birni da suka gina masallatai da shaguna, ajin zana na jiran su. Kai kuma uba, in yaronka ya faɗi bana, je ka ga mushensa ka tambayi abin da ya rasa, ka mayar da shi aji in an koma a Oktoba. Allah ya kai mu mako mai zuwa.