Fijon Baba Ta Faɗi Gwaji a Doha: Laifin Wa?

Waɗanda suka halarci zamanmu na shan shayi bayan sallar Juma'a kwanakin baya za su tuna yadda aka kwashe fiye da awa guda ana tsine wa ma'aikatan gwajin motoci na wannan ƙasa, duk saboda mota ɗaya. Ranar na kame bakina, don hayaniya ta yi yawa kuma mai motar yana cikin ɓacin rai. Yanzu da ƙura ta lafa, kuma shi da kansa ya ba ni izini muddin ban kama sunansa ba, zan faɗi abin da ke raina, ko da zai yi wa wasu ɗaci.

Ɗan'uwan namu, wanda ke karatun digiri na uku yana kuma ɗan taɓa aiki, ya gaji Peugeot 504 daga mahaifinsa, ƙirar Kaduna ta farkon shekarun 1980. A cikinta aka riƙa kai shi makarantar firamare, a cikinta aka ɗauko amaryar yayansa. Da aka zo rabon gado 'yan'uwa suka ce a sayar wa 'yan gwangwan, shi kuwa ya ce ba zai iya kallo ana daddatsa ta ba. Ya biya su kasonsu, ya sa aka loda ta a kwantena daga Legas, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Hamad da ke kudu da Doha. Bayan doguwar zirga-zirga ta fito daga hannun kwastan, aka ɗora ta a bayan motar ɗauka zuwa wurin gwaji, ta faɗi. Ya kai ta gareji aka ɗan lallaɓa, ya mayar, ta sake faɗuwa. To a nan ne aka fara cewa wai wulaƙanci ne, wai don an ga baƙar fata ne, wai da ɗan ƙasa ne ya kawo ta da tuni an ba shi lamba.

Ba na musun cewa baƙo yana ganin abin da yake gani a ƙasashen nan. Duk wanda ya taɓa zama da leburorin Sana'iyya ya ji labaransu ba zai yi wannan musun ba. Amma jama'a, mu ji tsoron Allah, mu ajiye kowace magana a muhallinta. Na'urar auna birki wasu gangunan ƙarfe ne a ƙasa, suna juya tayoyi, a taka birki, allo ya nuna ƙarfin kamun kowace ƙafa. Wannan na'ura ba ta san Bahaushe ba, ba ta san Balarabe ba. Abin da ta nuna shi ne ƙafar baya ta hagu kusan ba ta kamawa. Na ga takardar sakamakon da idona. Ban da birki, an rubuta cewa baƙin mai yana ɗiga daga ƙasan inji, hayaƙin salansa ya wuce ƙa'ida, fitila ɗaya tana haska sama kamar mai neman jinjirin wata, ga tsatsa ta ci wani sashe na ƙasan mota. Wanne ne ƙarya a ciki? Mai motar da kansa bai ce ko ɗaya ƙarya ne ba. Abin da ya ce shi ne: "Ai a haka Baba ya yi shekaru yana hawa."

Wannan jimla ita ce ciwonmu, kuma ita ta sa na ɗauki biro.

Bari in ɗan yi bayani ga sababbin zuwa. A Katar, mota ba ta hawa titi sai da katin rajista da ake kira istimara, wanda hukumar kula da zirga-zirga ta Ma'aikatar Cikin Gida ke bayarwa, ana kuma sabunta shi. Kafin a ba ka sai kana da katin zama da inshora, sannan duk motar da ta haura shekara 3 sai ta bi ta wurin gwaji na Fahes, wanda ke ƙarƙashin kamfanin mai na Woqod, kowace shekara. A wajen shigowa kuma, ƙa'idar ita ce motar hawa da ta wuce shekara 5 ba a karɓarta, sai irin motocin tarihi da ke da tasu hanyar neman izini ta daban. Kuɗin kwastan kashi 5 cikin ɗari ne na darajar mota. Mota mai sitiyari a dama kuwa, irin ta Ingila da Japan, ba ta titin nan ba ce, saboda haka 'yan'uwanmu da ke Landan masu mafarkin turo tsohuwar Marsandi su yi hattara. Fijon tamu ta tsira daga wannan, albarkacin sauyin hannun tuƙi da Nijeriya ta yi a watan Afrilun 1972.

Yanzu mu dubi ƙasar da aka kawo motar. A watan Yulin 2010 ma'aunin zafi ya nuna digiri 50.4 a Doha. Ko a shekarar da abin ya zo da sauƙi, kowa ya san yadda Yuli da Agusta suke, ga zafi ga damshin teku. Robar birki da ta shekara 40 ta riga ta bushe ta tsattsage daga ciki, ido ba ya gani. Man birki kuwa yana shan danshin iska a hankali, idan ya sha ya ƙoshi sai ya tafasa da wuri, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa. Taya tana da ranar haihuwa a jikinta, lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba kwalta mai zafi tana iya fasa ta. Lagireton da ya toshe rabi zai iya kai ka Zariya daga Kano da sanyin safiya a hunturu, amma ka gwada shi a cunkoson titin Salwa da azahar. Shin wanda ya ce sai an gyara waɗannan kafin a saki mota cikin jama'a maƙiyinka ne? Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ni ma ba waliyyi ba ne. Lokacin da nake gida ina da wata ƙaramar mota. Duk shekara nakan miƙa wa wani ɗan kamasho tsofaffin fatikula da kuɗi, da yamma ya kawo mini sababbi, har da takardar shaidar lafiyar mota, alhali motar tana ƙofar gidanmu ko tayar da ita ba a yi ba. Likita ya ba da shaidar lafiya bai ga majiyyaci ba! Na san yawancin masu karanta wannan sun yi irin haka, ko an yi a gabansu. Sai a watan Janairun 2022 jihar Legas ta fara tilasta cewa ba gwaji, ba takarda, wanda ya nuna maka yadda abin yake kafin nan. Mu da muka saba da takarda ba gwaji, yau mun tarar da gwaji kafin takarda, sai muka kira shi zalunci. Amma idan aka bugo waya aka ce birki ya tsinke wa wata mota a Hawan Kibo ko Kwanar Dangora, mutum goma sun rasu, sai mu ce ƙaddara ce, mu yi addu'ar uku mu watse. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai ja. Sai dai akwai wanda ya buga hatimi a takardar motar nan, kuma akwai wanda ya biya shi ya buga. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Inda ɗan'uwan namu yake da laifi na gaske shi ne gaggawa. Ya loda mota kafin ya tabbatar da sharuɗɗan shigowa a rubuce, sai da ta iso aka fara neman takardu, kuɗin ajiya a tasha yana hauhawa kullum. Da ya gyara birki da inji da ƙasan mota tun a Kaduna, inda tsofaffin makanikan Fijo suke, ga Panteka kusa, da kuɗin da ya kashe bai kai haka ba. A nan kuwa yaran gareji da yawa sun saba da motar da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonta da bakinta, kafireto kam sai ka yi yawo kafin ka samu dattijon da ya san kansa. Kuma in faɗa wa ɗalibi mai cin kuɗin tallafin karatu gaskiya: wannan ba harkarka ba ce. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a 2019 yana nan, ga sanyi ga arha, ka hau ka je aji.

Akwai kuma wasu a zaman namu da suka yi ta dariya, wai mutum ya zo garin Land Cruiser da akwala. Su ma ban bar su ba. Motar nan ta fito a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kakuri, aka kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har kusan 2006, bayan Turai ta daɗe da dainawa. Ita ce motar gwamnati, ita ce tasi, ita ce ta kai mai naƙuda asibiti. Ku ɗauki rana guda ku je gidan tarihin Shaikh Faisal bin Qassim Al Thani da ke wajen Shahaniyya ku ga ɗaruruwan tsofaffin motoci a jere, a goge, ana tattalinsu. Mutanen nan sun san darajar tsohon abu, mu ne muke auna namu a sikeli mu sayar da kilo. Wanda ya ƙi yarda a yanka motar mahaifinsa bai cancanci dariya ba. Abin da nake ƙi shi ne a ce don abu yana da daraja a zuciyarka, to a ƙyale ka ka hau titi da shi da birki uku, kana bayan motar da ke ɗauke da 'ya'yan wani.

A halin yanzu motar tana Sana'iyya a kan jak. An cire lagireto an kai wanki, mai walda ya yanke tsatsar ya sa sabon ƙarfe, an samo tayoyi huɗu sababbi. Abin da ya rage robobin birki ne da kayan gyaran kafireto. Duk wanda zai dawo daga hutu ta Kano ko Kaduna kuma yana da ɗan wuri a jaka, don Allah ya tuntuɓi sakataren ƙungiya, akwai jerin kayan da za a sayo a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Mai motar ya roƙa a nemi na asali a cikin kwalinsu, kada a kawo masa waɗanda aka ciro daga wata gawar.