KUMBURIN MUƘAMUƘIN YARO BA JIFA BA NE

Maganar da zan yi ba ta da daɗin ji, amma gara in faɗe ta a nan da in riƙa faɗinta a bakin kabari.

A daminar bara mun binne wani yaro ɗan shekara bakwai a wani ƙauye kusa da Sabon Birni. Muƙamuƙinsa ne ya fara kumbura, haƙoransa suna girgiɗa. Aka ce hangum ne. Aka je kemis aka yi masa allurai. Da abin ya ƙi, sai aka ce jifa ne, aka kai shi gidan wani mai addu'a, ya yi sati uku a can. Ranar da aka isa Kano da shi, likita ya ce an makara. Ni ma ina da nawa laifin, gama na je na yi masa addu'a, na dawo gida ban tambaya ko likita ya gan shi ba.

Wannan ciwo yana da suna. Wani likita ɗan ƙasar Ireland, Denis Burkitt, shi ne ya bayyana shi a Uganda a 1958, har ake kiransa da sunansa. Sankara ce mai kama yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin tamu. Takan fito a muƙamuƙi ko a ciki, tana iya ninka girmanta cikin kwana biyu, amma kuma tana cikin waɗanda suka fi jin magani idan an fara da wuri. Sati ukun nan da aka ɓata, su ne ran yaron. Haka nan idan uwa ta ga wani fari yana ƙyalli a tsakiyar baƙin idon jaririnta, kada ta jira, yana iya zama sankarar ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki yara fiye da 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Shin Allah ya fi ƙaunar 'ya'yan Turawa ne? Ko kusa! Nasu ana kai su da wuri, ana kuma gama maganin.

Na san akwai masu cewa zuwa asibiti raunin bangaskiya ne. To, su gaya mini, 'yan mishan na SIM da suka kafa asibitin ido a Kano a 1943, wanda yanzu yake hannun ECWA, ba su iya addu'a ba ne? Luka da muke karanta bishararsa ai likita ne. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya.

Gwamnati ma ba zan ƙyale ta ba. Maganin irin wannan ciwo sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya. Da gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa masu ciwon daji a 2021, sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza aka sa a gaba, ta yara ba ta ciki. Manomin Gwarzo ko Kabo kuwa ba zuwa ɗaya zai yi ba. Ana ƙara wa yaro ruwan magani, a sallame shi, a ce ya dawo bayan 'yan makonni, haka har watanni. Kuɗin mota, abincin mai jinya, gwajin jini, ga gona tana jiran noma. Bayan zuwa biyu kumburi ya saɓe, uba ya ce an warke, ya daina komawa. Sai ciwon ya dawo da ƙarfinsa.

A nan ne namu hakkin yake. Muna tara kuɗin anko da na babban taro ba tare da gardama ba, har mu yi hayar motoci. Ina roƙon kowace ikilisiya ta ware baikon Lahadi ɗaya kusa da 15 ga Fabrairu, ranar da duniya ke tunawa da yara masu ciwon daji, a ajiye shi don kuɗin mota da abincin jinya kaɗai, ba a tambayar addinin iyayen yaron. A zaɓi dattijo guda da mace guda daga zumuntar mata, su riƙe ranakun komawa asibiti a rubuce, su raka iyalin tasha. Zan kawo wannan magana a taron gunduma mai zuwa, kuma zan nemi a ƙidaya hannuwa.