A Biya Malami Haƙƙinsa Kafin A Rufe Makaranta

Ranar Asabar da ta wuce na shiga kasuwar Sandaga da ke Duwala da sassafe, daidai lokacin da ake sauke albasar da ta zo daga Marwa da Garwa. Ina cikin gaisawa da jama'a sai wani dattijon dillali ya yafito ni, ya nuna mini hoto a wayarsa. Malamin ɗansa ne da abokan aikinsa a bakin teku a Limbe, suna cin gasasshen kifi. Ya ce, "Malam, kai da kake magana a rediyo ka gaya musu. Mu muna nan albasa tana ruɓe mana, su kuwa tun ba a rufe makaranta ba sun tafi shan iska, ga hutun wata uku yana jiransu." Na ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, zan gaya musu, amma ka gama biyan kuɗin makarantar yaron?" Sai ya yi dariya, ya ce saura kaɗan, sai kasuwa ta buɗe.

To, wannan "saura kaɗan" shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya yi maƙwabtaka da malamin boko a unguwar Hausawa ta New Bell ya san cewa watan Mayu da Yuni su ne kakarsa. A lokacin ne yake shirya 'yan ajin ƙarshe na firamare don jarrabawar CEP da ta shiga sakandare, malamin sakandare kuma yana fama da 'yan BEPC da Probatoire da Bakaloriya. Da asuba zai hau bensikin cikin ruwan saman Duwala da ba ya jin magana, ya wuni yana tsaye a ajin da ya cika maƙil, da yamma ya tsaya yi wa yara bita, da dare kuma ya zauna duba takardu da cika sakamako, ko da wuta ko babu. Mutumin da ya yi wata tara a haka, in ya haɗa adashi da abokansa suka je Limbe ko Kiribi na yini guda, ai bai ci amanar kowa ba.

Sannan hutun da ake yi masa hassada, ba kowane malami ne yake jin daɗinsa ba. A shekarar 2000 Shugaba Paul Biya ya soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati, amma ƙarancin malamai ya sa makarantu da yawa suna dogara da waɗanda ƙungiyar iyaye, wato APEE, take ɗauka ta biya daga abin da iyaye suka tara. Irin waɗannan, da yawancin malaman ƙananan makarantu masu zaman kansu, har da na Faransanci da Larabci da muke kai 'ya'yanmu, albashinsu yana tsayawa ne ranar da aka rufe makaranta. Daga nan sai Satumba. Mai gidan haya kuwa bai san hutu ba. Shi ya sa za ka ga malami a Yuli da Agusta yana koyar da karatun hutu, ko yana tsaron shagon wani, ko ya ari babur yana haya.

Su ma malaman gwamnati ba a kan gadon zinari suke ba. A 1993 sau biyu aka zaftare albashin ma'aikata, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. A Fabrairun 2022 malaman sakandare suka shiga yajin aikin da aka sani da OTS, saboda wasunsu sun yi shekaru suna koyarwa ba su ga cikakken albashi ba, wasu ko lambar aiki ba su samu ba.

Ban ce duk malamai tsarkaka ne ba. Akwai mai fashin aiki, akwai mai matsa wa yara sai sun shiga karatunsa na kuɗi. Amma maganin wannan shi ne uba ya halarci taron iyaye ya faɗa a gaban shugaban makaranta, ba ya riƙe kuɗin da sauran malamai za su ci abinci da shi ba. Mu kuwa taron ma ba ma zuwa, sai mu ce kasuwa ta hana.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, daga Sandaga har Kusiri da Banki da Kye-Ossi, kun fi kowa sanin zafin bashi. Direban da ya kawo albasa ba ya juyawa sai an sallame shi, ɗan dako ba ya kwana da kuɗinsa a hannunku, dillali ba ya yafe la'ada. To don me wanda muka ba amanar 'ya'yanmu zai zama na ƙarshe a layi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in kowane uba ya ce nasa kaɗan ne ya rage, albashin wata guda ne ya salwanta.

Shawarata ita ce kafin a raba takardun sakamako kowa ya je ya share abin da ake bin sa, kuma kada a janye yaro zuwa rumfa sai ya ajiye alƙalamin jarrabawa. Shi kuwa Alhajina na Sandaga, ya yi mini alkawarin zai je ranar Litinin. Zan koma in tambaye shi.