Indararo Ya Toshe, Ɗan Haya Ya Hana Shiga



Damina ta ƙarato. A nan Bande galibin gidajenmu na ƙasa ne, kuma kun san makomar soron da ba a yi wa yaɓe ba, indararonsa a toshe: ruwan marka ya kwanta a kansa, azara ta ruɓe, rufi ya rufto wa masu barci.

Wani mai gida ya kawo mini kuka: sau uku yana kai magini, ɗan haya yana cewa iyalinsa suna kulle.

Ya kai ɗan haya, wannan ba uzuri ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun ɗauke ka amintacce a kan abin da ka karɓa haya, amma wanda ya yi sakaci har dukiya ta salwanta, lamuni yana hawa kansa. Balle ga 'ya'yanka a ƙarƙashin rufin. Ka sa rana, iyali su wuni a maƙwabta.

Kai kuma mai gida, kada fushi ya sa ka haura katanga. Shiga ba izini haramun ne, ko da kai ka gina. Ka nemi shaidu biyu, ku je wurin mai unguwa tun ruwan farko bai sauka ba.

Wallahu a'alamu.